Kilisar Jiki Kafin Sallah: Yadda Za Ka Sha Hidima da Kallon Hawa Ba Ciwon Baya, Ba Ɗingishi

Duk wanda ya tashi kusa da gidan masu dawaki a birnin Katsina ya san Sallah ta matso tun kafin tela ya fara ce masa "gobe ka dawo". Da la'asar sakaliya za ka ga samari sun fito da dawaki kilisa. Yau a tafi a hankali, gobe a ɗan taɓa sukuwa, a duba kofato, a gwada sirdi ko yana cin bayan dokin, a ƙara masa harawa da dussa. Babu mahayin da zai bar dokinsa ɗaure a turke wata uku, sannan ranar hawa ya lafta masa kaya ya ce sai ya yi jahi a Ƙofar Soro.

To amma abin da muke yi wa jikinmu ke nan. Mutum ya shafe watanni daga kujerar ofis sai kan babur, ko daga bakin shago sai tabarma, rana ɗaya ya taka zuwa Idi da sabon takalmi, ya tsaya awa uku a rana yana jiran fitowar Sarki, ya kayar da rago, ya zaga gidaje goma gaisuwa. Uwargida kuwa ta wuni a duƙe gaban murhu. Kwana biyu bayan Sallah sai gida ya ɗauki "wash bayana", "wayyo gwiwata", a tura yaro kemis. Yawancin wannan ciwon abu biyu ke kawo shi: aikin da aka afka wa jiki da shi ba shiri, da daɗewa a yanayi ɗaya, tsaye ne, tsugune ne ko zaune. Zafin rana kuma ya zo ya ɗora nasa. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris, Babbar Sallah a farkon Yuni, kuma tunda kowace shekara watannin Musulunci kan ja baya da kwana 10 zuwa 11, za mu ɗauki shekaru muna layya a Mayu da Afrilu, lokacin da zafin Katsina da Daura ke haura digiri 40.

Mataki na 1: Saura mako uku, fara taka ƙasa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 150 ɗin nan tafiyar rabin awa ce sau biyar a mako. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar da numfashinka zai ɗan ɗaga amma kana iya hira da wanda kuke tare.

Idan ka daɗe rabonka da tafiyar ƙasa, makon farko yi minti 10 zuwa 15, mako na biyu ka kai 20, na uku 30. Bayan Asuba ya fi, kafin rana ta buɗe ido. Dabara mafi sauƙi ita ce ka tsallake masallacin ƙofar gida ka tafi na gaba. Wanda ke kusa da filin wasa na Muhammadu Dikko, wato Karkanda, ya samu wuri. Idan shirin Ƙaramar Sallah ne ana cikin azumi, a bari sai bayan shan ruwa ko bayan asham. Mata da ba su cika fita ba, zagayen tsakar gida na minti goma safe da yamma ma tafiya ce.

Sai atisaye uku da ba sa buƙatar komai sai kujera da bango:

Tashi-zauna. Zauna a kujera mai ƙwari, ka miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, ka koma a hankali. Sau 10, ka huta, ka sake. Cinya yake ƙarfafawa, ita kuwa cinya ita ke rage wa gwiwa wahala wajen tsugunno da tashi daga tabarma.

Ɗage. Dafa bango, ka ɗaga dunduniya ka tsaya kan yatsu, ka sauko a hankali. Sau 15. Na sha-raɓa ne, wanda zai ɗauke ka tsayuwar kallon hawa.

Ɗaga ƙugu. Kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwoyi tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama, ka ƙirga biyar, ka sauke. Sau 10.

Jiki zai yi tsami kwana ɗaya zuwa uku da farawa, ba komai ba ne. Ciwon da ke suka kamar allura, ko wanda ke sauka daga baya zuwa ƙafa, shi ne na dakatawa. Mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, ya ga likitansa kafin ya fara.

Mataki na 2: Takalmi

Nan kam ni shaida ne. Wata Sallah ranar jajibiri na sayi sau-ciki na fata, baƙi wuluk sai sheƙi yake. Mai shagon ya ce in rabu da matsin, fata ce za ta saki. Ta saki kuwa, amma fatar dunduniyata ce. Kafin in isa filin Kangiwa bororo biyu sun tashi, ɗaya ya fashe ya manne da safa. Na dawo gida takalmi a hannu ina tsalle daga inuwa zuwa inuwa don ƙasa ta ɗau zafi, yaran unguwa na bi na da "barka da Sallah" suna ƙunshe dariya. Sauran kwanakin da silifan wanka na yi su a ƙarƙashin shadda.

Ga abin da ya kamata in yi. A sayi takalmi saura aƙalla mako guda, kuma da yamma a gwada shi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmin. A riƙa sa shi a gida awa ɗaya kullum. Duk inda aka ji yana goga, a liƙa filasta a wurin tun kafin a fita. Idan bororo ya tashi kada a fasa shi, a rufe kawai. In ya fashe da kansa a wanke da ruwa da sabulu, a bar fatar saman a inda take, a rufe.

'Yan mata, takalmi mai tsini na ɗaukar hoto ne da zaman falo. Yana tura nauyin jiki gaba ɗaya kan yatsu, ga shi a lungu mai yashi da kwata shi ne uban targaɗe. A sa mai faɗi a jaka. Haka ɗaurin kai: in an tamke shi har jijiyar goshi ta fito, kafin azahar ciwon kai zai zo, a yi ta zargin rana.

Mai ciwon suga ya yi karatun ta-natsu a nan. Ciwon yakan kashe jijiyoyin ji a ƙafa, mutum ya taka ƙasa mai zafi ko tsinin ƙashi bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, a filin Idi ya bar safarsa a ƙafa, kuma kowane dare ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ko a duba masa.

Mataki na 3: Ruwa da rana

Shan ruwan Sallah daga daren jajibiri yake farawa. Ma'auninka fitsari ne: in ya fito fari-fari da ɗan rawaya kana lafiya, in ya yi ja kamar shayi jikinka na bin ka bashin ruwa. Muddin kana cikin rana, leda ɗaya ta piya wata, wato rabin lita, duk awa ba ta yi yawa ba, mai aikin ƙarfi ma ya fi haka. Kurɓa-kurɓa ya fi a kwankwaɗe lita guda a tashi ɗaya. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ƙoda ko zuciya, ya tsaya kan abin da aka ce masa.

In an yi gumi sosai har jijiyar ƙafa na ɗaurewa, a sha ruwan gishiri da sukari. Na kemis a bi abin da aka rubuta a ledar. Na gida kuwa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi.

Masu sikila su ne aka fi tausaya wa a irin wannan rana, domin ƙishirwa da gajiya na daga cikin manyan masu tayar da ciwon. Yaro mai sikila ya je yawon Sallah da gorar ruwansa, da sassafe ko da yamma, kuma a dawo da shi kafin ya galabaita, ko da yana kuka.

A kuma san bambancin galabaita da bugun rana. Wanda ya galabaita zai yi gumi sharkaf, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, amma yana cikin hankalinsa. A kai shi inuwa, a cire babbar riga da hula, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwa, a yi masa fifita. Idan ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, wannan rai ne a hannun Allah: a jiƙa shi da ruwan sanyi, a ci gaba da fifita, a nufi asibiti nan take. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Mataki na 4: Idi da kallon hawa

Tafiya Idi da ƙafa, a dawo ta wata hanyar daban, sunna ce, kuma ta biya maka motsa jikin ranar. Dattijon da gwiwa ta hana shi sujada ya tafi da kujerarsa ba kunya. Addini ya yarda wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune.

Hawa kuwa, ko na ranar Sallah ne, ko hawan Bariki washegari a Katsina, ko hawan Magajiya a Daura, ka san hakimai ne za su yi ta wucewa da tawagarsu kafin a ji tambari da kakakin Sarki. Jiran ne ke cin baya. Tsayuwa ƙiƙam wuri ɗaya ta fi tafiya wahalar da ƙugu, jini kuma ya taru a ƙafa, shi ya sa za ka ga saurayi lafiyayye ya yanke jiki ya faɗi cikin taro. Saboda haka kada ka ƙame gwiwoyi. Ka riƙa sauya ƙafar da ke ɗauke da nauyi, in akwai dakali ko dutse ka ɗora ƙafa ɗaya a kai, bayan ɗan lokaci ka canza. Duk minti 20 yi ɗagen nan sau goma, ba wanda zai lura a cikin babbar riga. Ka duba inda inuwa za ta koma kafin ka zaɓi wuri, ba inda take yanzu ba.

Ɗora yaro a wuya don ya hango dawaki, minti biyar ya isa a sauke shi. Kuma a ja baya daga bakin hanya: idan 'yan bindiga suka saki wuta, doki ba ya tambayar ɗan wane ne a gabansa.

Su kansu mahaya, abin da suka yi wa doki su yi wa kansu. Wanda bai hau ba tun Sallar bara, cinya da ƙugu za su gaya masa. Ya riƙa bin kilisa yana hawa, ya daidaita tsawon likkafa yadda gwiwa ba za ta takure ba, ya sha ruwa kafin a naɗa rawani, don alkyabba da lifidi tanda ce.

Mataki na 5: Aikin layya

A nan aka fi samun rauni, kuma mata ne suka fi shan sa.

A fara da kayar da dabba. Rago babba mutum biyu ko uku ne, sa kuwa a bar wa mahauta da igiyarsu. Wajen ɗaga abu mai nauyi, ko rago ne, ko tukunya, ko buhun shinkafa, ƙa'idar ɗaya ce: matso da shi jikinka, buɗe ƙafafu, lanƙwasa gwiwa, ka miƙe da ƙarfin cinya. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu, juya da ƙafafunka gaba ɗaya. Sunkuyawa da murɗawa a lokaci guda, su ke sa mutum ya ji "ƙas" a baya ya kasa miƙewa.

Fiɗa a rataye ta fi fiɗa a ƙasa. A rataye dabbar yadda wurin aikin zai zo daidai ƙirji. Yankan nama a yi shi kan tebur ko benci mai tsawon ƙugu. Wuƙa ta zama mai kaifi, domin dakusasshiya ita ke sa a danna da ƙarfi, tsintsiyar hannu ta yi tsami, wuƙar ta zame ta sami yatsa.

Sai suya da babbaka da wankin kayan ciki. Gwaggona, Allah ya ƙara mata lafiya, ba ta yarda kowa ya taɓa mata kaskon suya. Tun hantsi za ta zauna kan kujera 'yar tsugunno, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa, matsami a hannu, hayaƙi na shiga ido, har la'asar. Bara da ta zo tashi sai ta tsaya a rabi kamar mai ruku'u, hannu a ƙugu.

Na ce, "Gwaggo, da kin riƙa ɗan miƙewa ai da ba a kai ga haka ba."

Ta harare ni ta ce, "Kai tafi can. In na tashi uwarka ce za ta juya mini naman?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarki, ni zan juya."

Bana mun ɗora murhun kan bulo, muka kawo mata kujera mai jingina da ɗan matashi a ƙugu. Ta yi mita ta ce mun mayar da ita 'yar gayu, amma ta zauna.

Abin da ke faruwa shi ne, 'yar tsugunno tana lanƙwasa gwiwa har ƙarshe, ta ranƙwafar da gadon baya, a daɗe a haka tsokoki su sage. Gyaran ba tsada: kujerar da ƙugu zai yi daidai da gwiwa ko ya ɗan fi ta tudu, murhu da robar wanki a ɗaga su sama, kayan aiki a jawo su kusa don kada a yi ta miƙa hannu. Duk rabin awa a tashi, a dafa ƙugu da hannu biyu, a ɗan gantsara baya sau biyar, a taka zuwa bakin zaure a dawo. Ga dabarar tunawa: duk kaskon da aka kwashe, a miƙe kafin a zuba wani. A kafa murhu inda iska ke wucewa, kuma a yi karɓa-karɓa. Gidan da ke da 'yan mata uku da samari huɗu bai kamata tsohuwa ta wuni ita kaɗai a bakin wuta ba.

Wani sauƙin kuma da ake mantawa: a mazhabar Malikiyya da muke bi, kwanakin yanka uku ne, ranar Sallah da biyu bayanta. Gidan da ke da dabbobi da yawa ba dole ne a gama komai rana ɗaya ba.

Mataki na 6: Ci

Ba zan ce kada a ci nama ba, wa zai saurare ni? Amma akwai ciwon gaɓa da likitoci ke kira gawut, wanda sinadarin yurik asid ke taruwa a gaɓa ya haddasa. Yakan tashi mutum cikin dare, gindin babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi ja, ko zanin rufa ba ya so ya taɓa. Hanta, ƙoda, jan nama da yawa, lemon kwalba da ƙarancin ruwa duk suna tayar da shi. Wanda ya taɓa yi, ya bar wa yara kayan ciki. Mai hawan jini ya tuna gishirin da aka yarje wa babba a yini bai kai giram 5 ba, kusan cokalin shayi ɗaya, alhali yaji da dunƙule da soyayyen nama duk gishiri ne. Kwalbar lemo mai santilita 35 kan ɗauki sukari kusan cokalin shayi 9. In gida goma ka shiga aka ba ka a kowanne, yi lissafi. Karɓi ruwa, ko zoɓo da kunun aya marasa zaƙi sosai. Bayan an ci, tafiyar minti 10 ta fi kishingiɗa, ga rage ƙwannafi ga taimakon suga. Masu shan maganin kullum kada hidima ta sa su tsallake.

Mataki na 7: Hanya

Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, ba wani abu. Masu tahowa daga Kaduna ko Abuja su ne da aiki. Cire walat daga aljihun baya, naɗe ɗan tawul ka sa a ƙugu, riƙa juya idon sawu kana zaune, duk inda aka tsaya ka sauka ka taka. Idan bayan doguwar tafiya sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a matsa ta, gudan jini ne ake tsoro, asibiti za a je.

Mataki na 8: In ciwon ya riga ya zo

Ciwon baya na gajiya yawanci yana lafawa da kansa cikin kwanaki ko 'yan makonni, kuma kwanciya wuni guda ƙara masa tauri take. A ci gaba da ƙananan zirga-zirga, a gasa da tawul mai ɗumi minti 15 zuwa 20. Sabon targaɗe kuwa sanyi yake so a kwana biyun farko: ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar sama, a ɗaure da bandeji ba tamau ba. Murza da man zafi a ranar farko ƙara kumburi yake.

Farasitamol ga babba: ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a awa 24. A duba maganin mura ma, da yawansu akwai farasitamol a ciki. Ibuprofen da diclofenac suna aiki, amma suna cin ciki suna wahalar da ƙoda, musamman a jikin da ya bushe da ƙishirwa. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu su nisance su sai da izinin likita. "Haɗin ciwon jiki" da ake ƙulla wa mutum a leda, ƙwayoyi kala-kala ba suna ba kwali, ni dai ban yarda da shi ba ko kyauta ne. Tramadol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarinmu, ba maganin gajiyar Sallah ba ne.

Akwai alamun da ba a jira a gama hutu: ciwon ƙirji mai danna mutum ko yana tafiya hannu da muƙamuƙi; karkacewar baki, mutuwar ɓarin jiki ko harɗewar harshe; ciwon baya tare da raunin ƙafa, dindiris a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida; gaɓar da ta kumbura tana zafi ga zazzaɓi; yankan wuƙa mai zurfi, wanda bayan ɗinki ma sai an duba batun allurar tetanus. Sashen gaggawa na manyan asibitoci ba ya rufewa don Sallah. Wanda kuma ya faɗi, ko doki ya taka shi, in ba zai iya taku huɗu a kan ƙafar ba, ko an danna kan ƙashi ya yi ƙara, a fara kai shi a ɗauki hoto kafin a kira mai ɗori.